Hotunan Gwajin Haske

Litinin, 8 ga Disamba 2014, bayan azahar

Yau na buɗe shago. Buɗewa a baki ke nan, don ƙofar ma babu ita, wani ya ga ta fi dacewa da ɗakinsa. An kwashe kwamfuta, an kwashe kyamara biyu da fitilu, har kujerar robar da nake zaunar da masu hoton fasfo. Labulen bango kaɗai aka bar mini, mai zanen lambu da gidan bene, shi ma an bi tsuntsayen jikinsa da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Allon da aka rubuta Jatau Mai Hoto a kwata na tsince shi.

Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Can idona ya kai kan tukunyar furen roba da ke kusurwa, na ga an juya ta ba yadda nake ajiye ta ba. Na zare furen. A gindin tukunyar, cikin leda biyu an ƙulle tam, ga faifan ajiya, ɗan ƙarfen nan mai girman sabulun wanki, wanda duk hoton da na ɗauka tun da muka bar fim yake cikinsa.

Ba ni na sa shi a can ba. Ranar Larabar nan da mutanen nan masu bindiga suka shigo Mubi, da aka fara jin ƙara daga wajen Mararraba, na ruga gida wajen mata. Babban yaron nan ya ce in je, shi zai rufe shago ya biyo mu. Ɗan farina nake nufi. Ba zan rubuta sunansa ba, ban saba ba. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, kuma ba don ba ya sonsa ba. Ni ma a garin nan Baban Ummi ake ce mini, da sunan ƙanwarsa.

Ashe ya samu lokacin ƙulla leda biyu. Iyakar abin da na sani ke nan.

Talata, 9 ga Disamba, da hantsi

Na ajiye ledar a gaban matata Yakaka. Ta dubi ƙullin, ta shafa shi da ɗan yatsa, ta tashi ta shiga madafa alhali babu komai a kan wuta.

Ɗakin tsakiya ya ƙone da duk abin da ke cikinsa, har akwatin hotuna. Ummi tana Yola wajen gwaggonta, na aika mata kada ta dawo tukuna. Gidan ya yi mana yawa mu biyu.

Alhamis, 11 ga Disamba, da yamma

Kwaji ya dawo. Shi ne maƙwabcin shagona, mai gyaran kwamfuta da waya, mutumin Michika. Mun shekara fiye da goma muna faɗa kan hayaƙin janaretonsa da ke shigo mini yana ɓata labule, amma yau da na hango shi sai ga ni na rungume shi a tsakiyar titi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Garinsu har yanzu ba ya shiguwa. Ban tambaye shi nasa ba, bai tambaye ni nawa ba.

Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya jefa cikin silin tun bara don ta rasa mai saye, ita ce ta tsira. Ya sauko da ita, ya haɗa faifan, muka tayar da wani ƙaramin janareto da ya aro. Faifan ya yi ta ƙas-ƙas kamar ɓera cikin kwali. Ya ce in bar masa shi.

Asabar, 13 ga Disamba, bayan la'asar

"Baban Ummi, faifai ɗin bai mutu ba," in ji Kwaji, "amma ya sha wahala kamar mu. Hoto yana nan, suna yana nan. Folda ne duka ya fashe. Komai ya zube wuri ɗaya."

Na gani da idona. Abin da na shekara da shekaru ina jerawa, bikin wane a nan, sunan gidan wance a can, 'yan makaranta daban, duk ya koma tsibi guda, dubbai kan dubbai. Da ka ce kwamfutar ta nuna su sai ta daskare, sai an kashe an kunna. Na ce to mu bi ta kwanan wata. Ya danna, ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ya dawo. Wai duk hotunan nan ranar ɗaya ga Janairu na ɗauke su. Ban taɓa saita agogon kyamara ba. Me zai dame ni da shi, ina da yaro mai tuna komai?

Sai ya zaro filashi daga aljihu, ya ce akwai manhajar bincike iri uku a ciki, shi sofwe yake ce musu. Ta farko suna take bi. Ƙarama ce, ba ta shan wuta, kafin ka gama buga suna ta kawo maka, sai dai abin da aka rubuta a goshin fayil shi kaɗai ta sani. Ta biyu tana shiga cikin takardu ta karanta abin da aka buga. Ta uku kuwa ba ruwanta da suna, fuska take kallo, za ta bi hotunan kaf ta haɗa kowace fuska da 'yar'uwarta. Amma tana son kwanaki tana aiki ba a taɓa kwamfutar ba, janareto yana ci, ga shi man sai an bi 'yan bumburutu da roƙo kamar su suka haife ka.

"Zaɓi ɗaya," ya ce. "Kwamfuta ɗin tsoho ne. In ka ɗora masa kaya biyu zai suma."

Na ce sai na yi shawara. Ya ce da wa? Na ce da kaina, ko an hana?

Lahadi, 14 ga Disamba, da safe

Ban zaɓa ba.

Litinin, 15 ga Disamba, bayan azahar

Na zaɓi mai bin suna. Dalilina a fili yake. Ni mutum ne mai tsari, duk wanda ya zauna kan kujerata, sunansa da na ubansa nake sa wa hotonsa tun kafin ya fita. Ga ta kuma ba ta shan mai. Kwaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shi ke nan dalili?" Na ce shi ke nan. Ya ɗora ta.

Abin a yaba ne, ba ƙarya. Na buga Mamadu don gwaji, kafin in ɗaga yatsa Mamadu sun cika fuskar kwamfutar. Na san su duka. Sai na tsinci kaina ina bin su da ido: wannan na gan shi jiya, wannan an ce yana Kamaru, wannan na wuce ta ƙofar gidansa na ga yadda take. Na goge sunan na je na kashe janareto.

Laraba, 17 ga Disamba, da yamma

Ba na son Laraba.

Labari ya bazu cewa hotunan Jatau sun tsira. Tun kafin in iso mutane sun tsaya a bakin shago, yawancinsu mata. Da can in mace ta zo wurina, ta sha kwalliya, tana cewa in goge mata ƙurjin goshi, in ɗan haskaka ta kada kishin dangin miji ya tashi a banza. Yanzu ba wadda ke neman nata hoton. Kwaji ya tayar da wata firinta, baƙi da fari kawai take fitarwa, shi ma da layi-layi. Ba wanda ya yi ƙorafi, ni da na saba a tsaya mini a ka kan inuwar hanci.

Wata mai suna Dokas ta zo daga Bahuli da goyo a baya. Ta ce, "Oga mai hoto, maigidana ya yi fasfo a nan bara, na neman aikin gadi. Zira sunan shi." Na buga. Ga shi nan da tayen wuya na shago da nake ara wa masu neman aiki, ya karkace gefe guda. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ko wannan rana ma bai gyara wuyan shi ba." Ta naɗe takardar ta cusa a zani.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan magariba

Yakaka ta yi magana yau. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Baban Ummi, mata suna faɗa a bakin famfo, wai akwai wani tsoho a Duvu, Malam Sali. Gonarsa tana bakin mayo, rafin nan, ta inda mutane suka bi za su haura dutse. Wai da aka lafa ya tarar da samari a gonar. Shi ya yi musu sutura."

Na ce Allah ya saka masa.

"Wai ba ya son a yi masa kwatance. Ya ce kowa ya zo dogo baƙi yake cewa. Hoto ake kai masa."

Na ce na ji.

"Wai 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Kamaru da shigowar sabuwar shekara. Ba shi da lafiya."

Na ce ai na ce na ji, ko so take in rubuta mata?

Ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa ajiye hoton yaron a ɗakinta ba, kunya ba ta bari. Na Ummi kuwa har a cikin murfin kwalla. Yau ga mu nan, gidan mai hoto babu hoto.

Juma'a, 19 ga Disamba, bayan sallah

Masallacinmu sahu uku. Da har kan titi ake shimfiɗa.

Asabar, 20 ga Disamba, da hantsi

Kwaji ya buga sunan yaron da kansa, ina waje ina zuba mai. Ya kira ni. Mutum huɗu ta kawo masu sunan: wani tela, wani ɗalibi, wani direba, da jaririn gidan Sulaiman mai shayi da aka yi wa yaron takwara. Shi babu.

"Ba ka taɓa ɗaukan shi ba?"

Na ce wa ke ɗaukar ɗan fari hoto, har ya zauna yana buga sunansa da yatsunsa? A ina aka taɓa yi?

"Mu muna yi."

Na ce ku ne.

Gaskiyar magana yana ciki. Kullum da safe kafin mutane su fara zuwa sai na gwada haske, kuma ba a gwada haske a kan labule, sai da fuskar mutum. Tun yana sakandare, kafin ya wuce makaranta, sai in ce, kai, tsaya can. Ya tsaya, in ɗauka, in duba, in ce matsa. Wannan aiki ne, ba hoto ba, ba wanda zai ce Jatau ya zauna yana kallon ɗansa. Irin waɗannan ba a sa musu suna, lambar kyamara kawai suke ɗauke da ita, kamar dubban hotunan taron biki da ban san masu su ba. Gogewa ake yi. Ni dai ban cika gogewa ba.

Ban faɗa wa Kwaji wannan ba.

Litinin, 22 ga Disamba, bayan azahar

Na ce a cire mai bin suna a ɗora mai karanta takardu. Na ce yaron yakan buga wa mutane takardun neman aiki, wataƙila ya buga nasa ya liƙa hoto a jiki. Kwaji ya ce, "Wannan ba ya ganin hoto fa, rubutu kawai." Na ce faifan nawa ne ko nasa? Ya taɓe baki ya ɗora.

Tun safe take karatu. Mata suna zuwa ina cewa su dawo jibi. Wata tsohuwa ta zauna a dakali ta ce za ta jira jibin a nan.

Talata, 23 ga Disamba, da yamma

Ta gama. Ta kawo katin biki, ta kawo aikin ɗalibai, ta kawo takardar hayar shago da wasiƙun mutanen da ba su iya rubutu ba. Aikin baban giwa. Man yini biyu ya tafi a banza, kuma tun kafin a fara na san zai tafi.

A gida Yakaka ta ce, "Ka duba?" Na ce ana dubawa.

Laraba, 24 ga Disamba, da hantsi

Dokas ta dawo, ƙafarta duk taɓo, tana dariya hawaye na zuba.

"Oga, na je Duvu! Tsoho ya kalla sosai, ya kai shi rana ya kalla. Ya ce ba shi ba! Ba Zira ba!"

Ta ce gobe za ta kama hanyar Yola ta bi sansanonin 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya. Ta ce samarin da tsohon ya yi wa sutura su uku ne, an gane biyu, 'yan'uwansu sun je sun ga wurin, saura ɗaya. Har ta juya za ta tafi sai ta tsaya. "Oga, an ce kai ma kana neman naka. Ka kai mana. Tsoho ɗin ƙafan shi ya kumbura."

Na yi mata murna. Na kuma ji haushinta har cikin raina, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 25 ga Disamba, bayan la'asar

Kirsimeti. Ban zaci zan ga Kwaji ba, sai ga shi da tsakar rana da rigarsa ta jiya. Cocinsu babu rufi, a tsaye suka yi addu'a suka watse. Na sayo ƙosai muka ci, shi ke nan bikin.

Na ce ina tunanin a mayar da mai bin suna, ko banza mutane na jira. Wataƙila ma akwai wata ta huɗu da ta fi waɗannan, in hanya ta buɗe a aika Yola a tambaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ya ajiye ƙosan da ke hannunsa.

"Baban Ummi, ni ba yaro ba ne. Wannan hoto, ko da ido ne, kana buɗe ɗari yau ɗari gobe, da ka samu tun wancan sati. Kai ba sofwe mai samu kake nema ba. Wanda ba zai samu ba kake nema."

Raina ya ɓaci. Na ce ya ɗauki tsohuwar kwamfutarsa ya mayar cikin silin, ba a kanta aka fara ba. Na ce me ya sani game da ɗan wani? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Uwana yana Michika," ya ce. "Ba ya iya tafiya. Ni ba ni da wani Malam Sali da zan kai wa hoto. Da ina da shi, da ƙafa zan je, yau ɗin nan."

Ya share hannunsa a wando ya koma shagonsa.

Tsoro nake ji, shi ke nan maganar. Muddin hoton yana cikin tsibin nan, yaron yana Kamaru, ko yana Yola, ko yana wani ƙauye inda babu waya. Dokas ta je an ce mata ba shi ba. Amma saura ɗaya, kuma ta Duvu ake haura dutse in daga shagona ka fito.

Juma'a, 26 ga Disamba, da safe

Yakaka ta zo shago. Tun da na kama hayar wurin ba ta taɓa taka shi ba. Ta shigo da jarka a ka, cike da mai, ta sauke da kanta kafin in miƙe. Ban tambaye ta inda ta samo ba, na dai ga babu 'yan kunne a kunnenta.

Ba ni ta yi wa magana ba. Ta leƙa ta kira Kwaji, ta gaishe shi, ta yi masa barka da bikinsu. Sannan ta ce, "Malam Kwaji, wadda take duba fuska, ita za a sa."

Ashe duk surutun da nake yi a gida kan manhajojin nan, wannan na shan mai, waccan makauniya ce, ina zaton da bango nake magana, tana ji.

Kwaji ya dube ni. Na dubi jarkar. Na ce ka ji abin da ta ce.

Asabar, 27 ga Disamba, bayan azahar

Tana aiki. Wani ɗan layi ne kore yake tafiya a ƙasa, in ka kalle shi ba ya motsi, in ka je ka dawo ya ɗan matsa. Kafin dokar hana fita mu kashe, da safe ta ɗora daga inda ta tsaya. Na ce wa matan su yi haƙuri. Tsohuwar nan ta dakali ta ce haƙuri ai shi suke ci.

Ni da Kwaji ba mu koma kan maganar shekaranjiya ba. Ya kawo mini ruwa na sha.

Lahadi, 28 ga Disamba, da yamma

Tana aiki. Na roƙi Allah janareton ya lalace, sannan na yi istigfari na je na ƙara masa mai.

Litinin, 29 ga Disamba, bayan la'asar

Ta gama da hantsi.

Fuskoki ta jero ƙanana-ƙanana, layi bayan layi, rabin Mubi. Kwaji ya ce wanda ya fi yawan hoto shi take sawa a sama. Na ce to Hajiya Zara mai atamfa ce za ta zo ta ɗaya, matar da ko sabon ɗankwali ta saya sai ta zo an ɗauke ta. Na faɗa ne don in samu abin faɗa.

Hajiya Zara ta huɗu ta zo. Na ɗaya shi ne. Na biyu shi ne. Na uku ma shi ne. Manhajar ta raba shi uku don ba ta san girma yake yi ba: ga shi da kayan makaranta ba ko gashin baki, ga shi ya fara tsiro, ga shi da gemun nan da uwarsa ke cewa kamar na bunsuru. Wani rubutu ya fito da Turanci. Kwaji ya ce, "Yana tambaya, wannan da wannan mutum ɗaya ne?"

Na ce mutum ɗaya ne.

Akwai wani ɗan gurbi a ƙarƙashin fuskar inda ake buga suna. Kwaji ya ce ba dole ba ne. Ya miƙe ya ce bari ya duba janareto, janareton da lafiyarsa lau.

Na buɗe. Ba su da iyaka. Babu ko ɗaya da ya yi murmushin hoto, don ya san ba hoto ake yi ba. Ga shi yana hamma. Ga shi da burodi a hannu. Ga shi yana kallon titi, akwai wadda ke wucewa ke nan. Ga wata safiya ya haɗe rai, na tuna, daren jiyanta na yi masa faɗa kan mashin. Akwai wanda ya murguɗa mini baki yana zaton ina kallon fitila. Ni da nake cewa haske nake dubawa. Na yi kuka a cikin shagona da rana tsaka, ƙofa babu, duk mai wucewa yana gani, ban damu ba.

Da Kwaji ya dawo na ce ya nemo mini wanda lambarsa ta fi kowacce girma. Shi ne na ƙarshe da aka juye daga kyamara zuwa faifan, na safiyar Larabar nan. Riga mai ratsi-ratsi da aljihu a ƙirji, ido a kumbure da barci. Firinta ta ƙara wa rigar nata layin, amma ana ganewa.

Na kai wa Yakaka. Ta karɓa da hannu biyu, ta kife shi a cinya, ta daɗe, sannan ta juya shi. Ta ce, "Ni na wanke rigar nan ranar Talata."

Gobe za mu je. Ta ce da ita za a je, ban yi musu ba.

Talata, 30 ga Disamba, da yamma

Mun samu mai mashin ya kai mu rabin hanya, sauran da ƙafa. An tsayar da mu a shingen bincike sau biyu, duk inda aka tambaya sai Yakaka ta nuna takardar, su kauce. Dawa tana tsaye a gonaki ta bushe, ba wanda ya girbe.

Malam Sali yana zaune a gindin tsamiya a ƙofar gidansa, ƙafafunsa a miƙe sun kumbura, an riga an ɗaure kayansa a zaure. Kunnensa ya yi nauyi, sai da muka yi sallama sau uku. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya tambaye mu hanya, ya tambaye mu gari, bai yi gaggawa ba. Ni ma ban yi ba. Yakaka ce ta miƙa masa.

Ya riƙe nesa, ya kawo kusa. Ya ce a kama shi ya tashi. Na kama shi, ya fita daga inuwa ya tsaya a rana. Ina jin nauyinsa a kafaɗata, ina kallon bakinsa.

"Wannan riga na sani," ya ce. "Shi ne na tsakiya."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina jin na faɗa. Yakaka ba ta yi kuka ba, ta zauna a ƙasa a inda take tsaye.

Ya ce da hannunsa ya wanke shi, da ruwan mayo. Ya ce ya juya shi gabas yadda ya kamata, shi da maƙwabcinsa suka yi masa sallah su biyu. Ban tambaye shi yadda ya same shi ba, shi ma bai faɗa ba, Allah ya saka masa da wannan ma. Ya dage sai ya kai mu da kansa. Muka tafi a hankali, ni a dama, sandarsa a hagu. A gefen gonar ne, inda ƙasa ta ɗan tashi. Tudu uku, an lulluɓe su da ƙaya saboda karnuka. Na gefe da gefe an kafa musu dutse.

Muka durƙusa. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya sauke ya juyo wurina.

"Baba, mene ne sunan shi? Waɗannan biyu an faɗa mini nasu. Shi kullum ina masa addu'a ba suna, ina cewa Allah ka san shi. Ka faɗa mini kafin in tafi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Harshena ya saba da kai, da wancan, da yaron nan, ya rasa ta inda zai fara. Tsohon yana jira da hannu a kunne.

"Nasrullahi," in ji Yakaka daga bayana, a hankali.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ko ranar suna.

Tsohon ya karkato ya ce, "Wa?"

Sai da ta sake faɗa da ƙarfi.